Tamale A Damina: Garin Da Muke Ratsawa Ba Mu Tsayawa

Daga Agbogbloshie, birnin Ankara, ƙasar Gana

Duk wanda ya yi sammako ya shiga kasuwar doya ta Agbogbloshie a cikin watan Agusta, zai tarar da manyan motoci jere, tayoyinsu duk jar laka, ana ta sauke sabuwar doya. Idan ka tambayi direba daga ina aka ɗauko, sau da yawa amsar ba ta wuce Arewa: ko Bimbila, ko Salaga, ko Yandi. Haka ma albasar Galmi ta ƙasar Nijar, wadda shekara da shekaru nan ake sauke ta kafin a mayar da kasuwarta Adjen Kotoku a 2021, da yawanta ta Tamale take biyowa.

Abin mamaki shi ne, da muka jefa wannan magana a wani shirinmu na rediyo, muka nemi masu saurare daga Nima da Mamobi da Sabon Zango su gaya mana abin da suka sani game da Tamale, yawancin waɗanda suka bugo waya tasha kawai suka sani. Sun san inda ake tsayawa a yi sallah, a sha shayi, a duba taya, sai a wuce. Akwai wanda ya yi shekaru yana bin hanyar bai taɓa ganin garin da rana ba. 'Ya'yanmu kuwa da aka haifa a bakin teku, Arewa a wurinsu wuri ne da 'yan kayayo suke fitowa, alhali ta can kakannin da yawa daga cikinmu suka biyo da jakunansu.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa 'yan uwanmu 'yan kasuwa, na nan Gana da na kasuwannin kan iyaka, abin da mutum zai gani ya kuma yi idan ya ware kwana huɗu ko biyar ya sauka a Tamale.

Me ya sa sai da damina?

Da farko dai, a watan Agusta ne yaran makaranta suke dogon hutu, don haka babu hujjar barin su a gida. Na biyu, wanda ya san Tamale a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi kan kai maki 40, ba zai gane ta ba idan ruwa ya zauna. Damina ɗaya ce a Arewa, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Ƙura ta kwanta, ƙasa ta yi kore shar, iska ta yi sanyi. Na uku, lokacin ne na sabuwar doya da ɗanyar masara da ƙwan zabi, kuma mata sun tara ƙwarar kaɗanya. Wato dai ɗan kasuwa ba zai dawo hannu rabbana ba.

Daga Ankara zuwa Tamale kimanin kilomita 600 ne, ta Kumasi da Techiman da Kintampo. Manyan bas-bas kan yi awa goma zuwa sha biyu, gwargwadon cunkoso. Shawararmu ita ce a hau ta safe, don yara su ga yadda kurmi yake janyewa, itatuwan kaɗanya da kuka suna bayyana, su kuma ga gadar Buipe da ta Yapei a kan rassan kogin Volta. Mai hali kuma akwai jirgin sama, wajen awa ɗaya. Filin jirgin Tamale ɗin nan, tun 2016 alhazan Arewa suke tashi daga cikinsa kai tsaye zuwa ƙasa mai tsarki. Masu zuwa daga Nijar da Burkina Faso kuwa, da sun tsallaka iyakar Paga sun wuce Bolgatanga da Walewale, sai Tamale.

A fara da kasuwa

Tamale ba ita ce fadar Dagwamba ba, Yandi ce. Turawan Ingila ne suka mayar da hedikwatarsu ta Arewa nan daga Gambaga a 1907, daga nan garin ya yi ta bunƙasa har ya zama mahaɗar hanyoyi. A 2022 aka buɗe gadar sama a tsakiyar garin. Abin da zai fara ɗaukar hankalin baƙo shi ne yawan babura da kekuna, har da mata da lulluɓinsu suna tuƙa babur zuwa kasuwa, da kuma keke mai ƙafa uku da suke kira yalo-yalo.

Kasuwa biyu ce bai kamata a wuce ba. Babbar kasuwar tsakiyar gari ita ce ta atamfa da kayan miya da kayan gida. Ta Aboabo kuwa ita ce ta 'yan sari: masara, dawa, gero, gyaɗa, waken suya, shinkafar gida, daddawa da man kaɗanya a ƙwarya. Wanda yake sayen waɗannan kaya a hannu na uku a Ankara ko a bakin iyaka, ya daure ya yi yini guda a Aboabo yana kallo kawai. Zai ga daga wane ƙauye kaya suke shigowa, da wane kwano ake awo, nawa dillali yake ɗorawa, nawa ne kuɗin dako da na mota. Wannan ilimin kaɗai ya biya kuɗin tafiyar.

Hausa tana ci a kasuwa, amma gari na Dagwamba ne, kuma mutane ne masu girmama gaisuwa. Da safe a ce Dasiba, da rana Antire, da yamma Aniwula, amsar duka kuwa Naa. Mun lura cewa wanda ya fara da waɗannan kalmomi, ko ciniki ya fi yi masa sauƙi.

Daga kasuwa sai a nemi majemar Zango, inda har yau ake jeme fatar akuya da ta tunkiya da hannu, a rina ta, dukawa su mayar da ita takalma da jaka da matashi. Kada wari ya kori kowa, sana'ar iyaye ce. A cibiyar al'adu ta garin kuma ana samun batakari, wato fugu, rigar saƙi da Kwame Nkrumah ya sa a daren da aka ayyana 'yancin Gana, 6 ga Maris, 1957. Mai son ganin inda ake rini da saƙar sai ya nufi Daboya, amma ya sani da kwalekwale aka saba tsallaka kogi a shiga garin, kuma kogin kan cika ya batse a wannan lokaci.

Batun ciki kuwa, babu baƙunta: tuwon zafi da miyar ayoyo, wasawasa, tubani, koko da ƙosai da sassafe, fura da nono da rana, da dare kuma gasasshiyar zabuwa a bakin titi.

Masallatai, filin wasa da buhunan da suka zaga duniya

Ranar Juma'a a yi ƙoƙari a samu sallah a babban masallacin tsakiyar gari. Masu sha'awar tarihin karatu kuma za su so ganin makarantar Anbariyya, wadda Afa Ajura, da ya rasu a 2004, ya kafa. Tamale gari ne da ke da Tijjanawa da Ahlus Sunna da sauransu, kowa da masallacinsa, don haka baƙo ya yi sallarsa ya kama bakinsa. Samari kuma a kai su filin ƙwallon da aka gina domin gasar cin kofin Afirka ta 2008, wanda yanzu yake ɗauke da sunan marigayi Alhaji Aliu Mahama, Musulmi na farko da ya zama mataimakin shugaban ƙasar Gana.

Sai wani wuri da bai kamata ɗan kasuwa ya rasa ba. Akwai wani ɗan garin mai fasaha, Ibrahim Mahama, wanda ba shi ne attajirin nan ƙanin shugaban ƙasa mai irin sunansa ba. Shi wannan tsofaffin buhunan garara yake tarawa, irin waɗanda suka ɗauki koko, suka koma ɗaukar masara, suka ƙare a gawayi, a ɗinke su a lulluɓe manyan gine-gine da su. A 2015 an baje aikinsa a birnin Venice na Italiya. Da abin da ya samu ya dawo gida ya buɗe cibiyar fasaha a 2019, sannan ya buɗe Red Clay a bayan gari a 2020, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama da taragan jirgin ƙasa, yara suna shiga suna koyon abubuwa. Mu da muke jefar da buhu idan ya yage, mun tsaya mun yi shiru a wurin.

Damba ta faɗo a damina

Bukukuwan Dagwamba lissafin watan Musulunci suke bi, don haka kowace shekara sukan matso da wajen kwana 11. A 'yan shekarun nan Damba, wadda ake yi a watan Mauludi, tana faɗowa cikin damina: farkon Satumba a 2025, ƙarshen Agusta a 2026. Ana fara wa da Somo Damba, bayan mako guda a yi Naa Damba, washegari a yi hawan sallama, sarakuna bisa dawakai, makaɗan kalangu da masu goge suna zuba kirari, ana harba bindigogin gargajiya. Wanda ya san hawan sallah a Kano ko Katsina ko Damagaram zai ga dangantaka da idonsa.

A Tamale ana yi a ƙofar fadar Gulkpe Naa da ta Dakpema, amma babbar Damba tana fadar Gbewaa a Yandi, kimanin kilomita 100 gabas. Idan mai karatu bai manta ba, bayan kisan Ya Naa Yakubu Andani na II a Maris 2002, an yi shekaru masarautar tana cikin rikici, sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya Naa Abukari na II. Saboda haka maganar gidajen sarautar nan biyu ba ta baƙo ba ce. A je a yi kallo, a yi gaisuwa, a dawo.

Salaga, inda labarinmu yake

Idan kwana ɗaya kawai mutum zai iya warewa a wajen Tamale, to mu dai Salaga za mu ce, kimanin kilomita 120 kudu maso gabas. Nan ce Gwanjan da ake faɗa. Nan fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suke sauka bayan tafiyar watanni, su kawo kanwa da rinannun tufafi da fatu, su koma da goron Asante. Har yau ana nuna tsofaffin rijiyoyin garin, waɗanda saboda yawansu ake masa laƙabi da garin rijiya dubu. Ana kuma nuna inda aka yi cinikin bayi. Wannan ma tarihinmu ne, kuma gara yaro ya ji shi daga bakin ubansa a wurin da abin ya faru.

Yaƙin basasar 1892 ne ya watsa Salaga. Fatake da malamai suka bazu zuwa Karachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, shahararren malami kuma marubuci, wanda ya rasu a Karachi a 1934. Zangunan da muke zaune a cikinsu a Kudu, da yawa daga gidajensu in aka bi salsala can za a tarar da ita.

Su kuma masu son ganin giwa, gandun dajin Mole yana yamma, wajen kilomita 150, kuma kafin a shiga ana ratsa Larabanga mai tsohon masallacin ƙasa, wanda mutanen garin suke cewa tun 1421 yake. Sai dai gaskiya ɗaya: da damina ciyawa ta yi tsawo, ruwa ko'ina, giwaye sun bazu cikin daji. Ana iya dacewa, ana iya dawowa da labarin gwanki da birai kawai. Kada a yi wa yara alkawari.

Hattara dai

A tafi da gidan sauro, domin zazzaɓi ya fi yawa a wannan lokaci. A saurari rediyo kan madatsar Bagre ta Burkina Faso, wadda akan buɗe a wajen Agusta ko Satumba, ruwan ya malale gonaki da hanyoyin bakin kogi. Kafin a kama hanyar Salaga ko Daboya a tambayi direbobi a tasha, matambayi ba ya ɓata. Hanyar Bawku, saboda rikicin da ya daɗe a can, kada a bi ta sai an bincika sosai. Masu tsallako iyaka su riƙe fasfo ko katin shaida da katin allurar shawara.

Wanda kuma ya yi niyyar yin lodi, ya fara tambayar kwastan. A Agustan 2024, da ruwa ya ɗauke a Arewa, gwamnatin Gana ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya. A shekarar ce Burkina Faso da Mali suka dakatar da fitar da ƙwarar kaɗanya, Nijeriya ma ta bi sahu a Agustan 2025. Irin waɗannan dokoki sukan zo ba zato, su kuma canja ba zato, kuma jari ne yake tafiya idan aka kama mota.

To, jama'a, zumunci a ƙafa yake. Bana idan motar doya ta sauke kaya za ta koma, ko kuma an tsallako Paga da albasa, a daure a sauka a Tamale, a kwana, a kama hannun yaro a kai shi bakin rijiyoyin Salaga ya leƙa. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya sa wa kasuwa albarka, amin.