Littafi a hannu, fim a zuci: Fuskar wa za ta kai labarinmu Kasuwar Libiya?

Akwai wata tambaya da nakan ajiye sai ƙarshen hira, duk lokacin da na samu marubuci a shirinmu na sharhin littattafai a rediyo. Bayan mun gama tattauna jigo da zubin labari, sai in ce, "Malam, da za a mayar da wannan littafi fim, wa za ka ba matsayin tauraron?" Ban cika ganin mai tsayawa dogon tunani ba. Kafin in rufe baki an ambaci Ali Nuhu ko Adam A. Zango, in tauraruwa ce kuwa a ce Hadiza Gabon ko Nafisa Abdullahi. Wato dai da yawa daga cikin marubutanmu alƙalami na hannu, amma ido na kan akwatin talabijin.

A da ina ɗaukar tambayar a matsayin raha kawai. Abin da ya sa na fara kallonta da idon basira shi ne tunanin 'yan uwanmu Hausawan Sudan, waɗanda littattafan nan ba su cika isa hannunsu ba sai sun rikiɗe sun zama fim.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin hanyar gabas ya ji sunan Kasuwar Libiya. Tana yankin Umbadda ne a yammacin Omdurman, tsallaken kogin Nilu daga Khartum, kuma tana cikin manyan kasuwannin ƙasar baki ɗaya. Ta samo sunanta daga kayan da ake ketowa da su ta hamada daga Libiya, ta zama matattarar masu sarin tufafi da takalma da barguna da kayan lantarki zuwa Kordofan da Darfur har Chadi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ya durƙusar da ita, aka wawashe shaguna, masu su suka watse. Sai a ƙarshen watan Maris na 2025 sojoji suka ba da sanarwar ƙwato ta.

Hausawa ba baƙi ba ne a Sudan. Wasu jikokin mahajjatan ƙafa ne da suka yada zango a hanyar Makka. Wasu kuma zuriyar waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne, wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya ci gaba da tafiya da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Harshen yana nan a bakinsu, amma karatun makaranta a Sudan da Larabci ake yi. Saboda haka littafin da aka buga a Kano da rubutun boko, in ya je hannun matashin Bahaushe a Omdurman, sau da yawa kallon bango kawai zai yi masa. Fim kuwa ba ruwansa da baƙaƙe. Tun zamanin kaset, zuwa faifai, zuwa yau da ake turawa a waya, shi ne ɗan aiken da ke kai labarin. Ke nan fuskar da aka zaɓa ita ce littafin a wurin wannan mai kallo, ba shi da wata hanyar da zai gane ko an yi wa labarin adalci ko an cuce shi.

Dangantakar littafi da fim a ƙasar Hausa ta daɗe. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Ladan ya san labarin ciki da waje, don shi da Dexter Lyndersay ne suka mayar da shi wasan kwaikwayo tun kafin fim ɗin. An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓata, sai aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Da finafinan bidiyo suka kunno kai a Kano da Turmin Danya a 1990, marubutan littattafan soyayya na cikin waɗanda suka fara rungumar sana'ar. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, Bala Anas Babinlata ya yi Tsuntsu Mai Wayo, aka kuma yi Ki Yarda Da Ni daga littafin Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, shi ma ya zama fim a 1998. Labarin Rabi ne, wadda mijinta ɗan kasuwa ya kore ta da 'ya'yanta bayan ya yi sabuwar amarya, daga baya duniya ta juya masa baya. A wancan lokacin sunan littafi ne ke sayar da kaset. Daga baya reshe ya juye da mujiya, fuskar ɗan wasa a jikin fosta ta zama ita ce jari.

A nan gizo ke saƙar. Idan marubuci ya fara rubutu da fuskar wani tauraro a zuciyarsa, sai ya ɗinka labarin daidai jikin tauraron, kamar telan da ya yanka yadi kafin ya ga mai riga. Shi ya sa za ka buɗe littafi goma ka tarar da saurayi guda: dogo, kyakkyawa, ɗan mai kuɗi, mai mota. Ina ɗan dako? Ina mai shayi? Ina dillaliya da direban da ke kwana a kan iyaka yana jiran a buɗe ƙofa?

Su kansu Sudawa suna da darasin da za su koya mana. Marubucinsu Ɗayyib Salih, wanda ya rasu a 2009, ya rubuta Ursuz Zain, wato Auren Zain, labarin wani mutumin ƙauye mai dogon wuya da haƙora biyu kacal, wanda ake ɗauka wawa ne, amma ya auri yarinyar da kowa ke buri. A 1976, shekarar da aka yi Shaihu Umar, Khalid Siddiƙ ɗan ƙasar Kuwait ya mayar da shi fim, Ali Mahdi ya fito a Zain. Da kyan fuska aka bi, da labarin ya mutu tun a fitowar farko. Haka nan a 2019 Amjad Abul Ala ya ɗauki wani gajeren labari na Hammur Ziyada ya yi fim ɗin Za Ka Mutu Kana Ɗan Ashirin, ya ɗora nauyinsa a kan wani matashi da ba a sani ba sosai, Mustafa Shahata, fim ɗin kuma ya ciyo kyauta a bikin finafinai na Venice a Italiya. Labari ne ya nemi fuska, ba fuska ce ta nemi labari ba.

Mu masu sharhi ma muna da laifi. Sau da yawa sharhinmu ba ya wuce taƙaita labari da yabon marubuci, alhali a shekarun 1990 an yi zazzafar muhawara a jaridar New Nigerian kan waɗannan littattafai, wadda ta haɗa irin su Ibrahim Malumfashi da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu. Aikin mai sharhi ne ya gaya wa mai saye ko mutanen cikin littafi suna da rai, ko kuwa inuwar 'yan fim ce kawai.

Ku ma 'yan uwa 'yan kasuwa, daga Jibiya da Illela da Maigatari har Gamboru, kuna da hannu. Ta rumfunanku littafi da fim suke tsallake iyaka. Duk fim ɗin da aka tura a waya ba da izinin mai shi ba, marubuci ne na ƙarshe da zai ga ko sisi, kuma wanda bai ci gumin littafin farko ba da wuya ya zauna ya wahala a kan na biyu.

Ga kuma babban labari yana jiran mai rubutawa: na Bahaushen da kakansa ya taso daga Sakkwato a ƙafa, ubansa ya yi noma a Jazira, shi kuma ya buɗe shago a Kasuwar Libiya, yaƙi ya raba shi da shi rana guda. In Allah Ya kawo wanda ya rubuta shi, ya zo shirinmu, zan yi masa tambayata ta kullum. Fatana kada ya yi saurin amsawa. Ya fara zuwa Omdurman ya zauna a rumfunan da ake sake tayarwa, ya saurari Hausar da Larabci ya ratsa, wataƙila mai fuskar yana can yana sauke kaya daga mota.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mayar wa kowa da alherin abin da ya rasa.