Kwangilar Ƙananan Hukumomi: Ina Rabon Magina Da Kafintocin Gari?

Lokacin da Gwamnatin Soja ta Janar Obasanjo ta yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul a shekarar 1976, aka kafa guda 301 a duk faɗin ƙasar nan, babban dalilin da aka bayar shi ne a kawo mulki kusa da talakawa. Yanzu yawansu ya kai 774, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora musu gina hanyoyin cikin gari da magudanun ruwa, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta. Duk waɗannan ayyuka ne da magina da kafintoci da masu walda na kowane gari za su iya yi da hannunsu. To, me ya sa ba safai kwangilar ke faɗowa hannunsu ba?

Dattawa suna tuna zamanin En'e, sa'ad da kowace babbar En'e take da yadinta na ayyuka, inda ake horar da yara sana'a, kuma ma'aikatanta su ne ke gina makarantu da ɗakunan shan magani. Da kwangila ta maye gurbin wannan tsari, sai aka sami wata al'ada, watau a ba wani mai uwa a gindin murhu takardar aiki, shi kuwa ko cokalin gini bai taɓa riƙewa ba. Sai ya cire ribarsa ya sayar wa wani, wannan ma ya sayar, har ta iso ga birkilan da zai yi aikin alhali rabin kuɗin ya tafi. Daga nan ake rage siminti, ake sa kwano maras kauri, damina ɗaya ta kwashe kwalbati.

Abubuwa uku ne suka fi takura wa ƙaramin ɗan kwangila. Na farko girman aiki, domin in aka haɗa ginin azuzuwa ashirin a takarda ɗaya, sai mai jari ne kaɗai zai iya nema. Na biyu takardu, kamar rajistar kamfani da shaidar biyan haraji ta shekara uku da lamunin banki. Na uku, wanda ya fi duka ciwo, jinkirin biya. Mutumin da ya ci bashin bulo da katako, ya gama aiki, sannan ya shekara yana zarya a sakatariya, ya karye ke nan, kuma ba zai sāke kusantar aikin hukuma ba.

Ba a rasa dokoki masu kyau ba. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta Gwamnatin Tarayya ta 2007 ta ce duk kuɗin da aka riƙe wa ɗan kwangila fiye da kwana 60 ya zama jinkiri, sai an biya shi da ƙari. A shekarar 2017 kuma Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan umarnin da ya ce a fifita kayan gida wajen sayayyar ma'aikatun tarayya. Amma waɗannan sun shafi tarayya ne, ƙananan hukumomi kuwa dokokin jihohinsu suke bi. Ga kuma asusun haɗin gwiwa, wanda ya daɗe yana sa manyan ayyukan ƙauye a yanke su a babban birnin jiha. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Sai dai kuɗi su iso gari daban, su amfani mutanen gari daban.

Gyaran bai fi ƙarfin kowace majalisa ba. A rarraba aiki kashi-kashi a bainar jama'a, rumfunan kasuwa daban, benci da tebur daban, ba irin rarrabawar ɓoye da ake yi don kauce wa gasa ba. A manna sanarwa da Hausa ko harshen wurin a ƙofar sakatariya da fadar hakimi, a karanta ta a rediyo. A buɗe takardun masu nema a gaban kowa, a hana sayar da kwangila, a ba da kafin alƙalami gwargwado, a kuma biya kowane mataki da zarar injiniya ya duba ya gamsu.

Amfanin wannan a fili yake. Naira da aka biya kafintan gari tana zagayawa wurin mai katako da lebura da mai sayar da abinci kafin ta bar garin. Haka kuma maginin da ɗansa ke karatu a ajin da ya gina ba shi da wurin gudu in bango ya tsage, gobe za a gamu da shi a masallaci ko a kasuwa.

Su ma masu sana'a akwai nasu aikin. Su haɗa kai su yi rajistar ƙungiyoyinsu, su riƙe alkawari, su daina karɓar kuɗin aiki suna ƙara aure da shi. Jama'a kuwa su riƙa tambayar kansilansu wa aka ba aiki, kuma nawa aka ba shi, domin kuɗin nasu ne. Allah ya sa shugabanni su ji, su kuma gyara.