Allon Ouija da Kayan Makokin Turawa: Kasuwar da Baƙin Ciki Ya Gina

A shagunan tsofaffin kaya da wuraren gwanjo na Amurka da Ingila akwai wani ɓangare da ba kowa ke son tsayawa a gabansa ba. Nan ake jera zoben da aka rufe gashin mamaci a cikinsa, da hoton jaririn da aka ɗauka bayan ya cika, da wani dogon ƙaho na gwangwani, da allon katako mai haruffa da ake kira Ouija. Masu tara irin waɗannan kaya suna zuba kuɗi, dillalai kuwa sun san labari mai tayar da tsigar jiki yana ƙara wa haja daraja. To amma idan aka bi salsalar kayan ɗaya bayan ɗaya, mutane iri biyu ake tararwa: waɗanda aka yi wa rashi, da waɗanda suka mai da rashin wasu hanyar cin abinci.

Gashi, hoto da baƙaƙen kaya

A ƙarni na 19 tarin fuka da kwalara da cututtukan yara sun yi ta ɗibar rayuka a Turai da Amurka, kuma galibi a gida ake jinya, a gida ake cikawa. Tun da gashi ba ya saurin ruɓewa, sai a yanki kaɗan daga kan mamaci, a kitsa shi siriri, a rufe da ɗan gilashi a cikin zobe ko abin wuya, a baya kuma a zana sunansa da ranar rasuwarsa. Da mijin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, Yarima Albert, ya rasu a 1861, ba ta rabu da baƙaƙen kaya ba har ta bi shi a 1901. Jama'a suka yi koyi da ita, garin Whitby da ke gaɓar tekun Ingila ya yi suna wajen sassaƙa kayan adon makoki daga wani baƙin dutse mai sheƙi.

Ɗaukar hoto ya shigo hannun jama'a a 1839, kuma da farko sai mai hali. Iyaye da yawa ba su taɓa ɗaukar ɗansu hoto ba sai ranar da ya rasu, a sa masa kayansa masu kyau, a kwantar da shi kamar mai barci. A yau wasu dillalai sukan nuna hoton mutum a tsaye da ƙarfe a bayansa, su ce gawa ce aka tokare. Alhali an yi ƙarfen ne don ya tallafi ƙeyar mai rai kada ya motsa, saboda na'urar wancan zamani tana buƙatar a tsaya cak. Ƙarfen ba zai iya ɗaukar nauyin gawa ba.

Duk waɗannan kayan tunawa ne kawai. Maganar kiran ruhohi daga wani wuri ta ɓullo.

Ƙwanƙwasar da ta tashi daga Hydesville

A daren 31 ga Maris 1848, a ƙauyen Hydesville na jihar Niyok a Amurka, wasu 'yan mata biyu, Maggie da Kate Fox, suka ce akwai mai ƙwanƙwasa a gidansu, kuma yana amsa tambaya. Maƙwabta suka taru, aka shirya yadda za a gane "i" da "a'a" daga yawan ƙwanƙwasar, har aka ce ruhin wani ɗan koli ne da aka kashe a gidan. Yayarsu Leah ta hango kasuwa. Kafin ƙarshen 1849 mutane sun fara biyan kuɗin shiga zaure a birnin Rochester don su ji da kunnensu. A 1851 wasu likitoci a Buffalo suka binciki 'yan matan, suka ce ƙarar daga gaɓoɓin ƙafa take fitowa, amma ba a saurare su ba.

Bahaushe zai iya tuna bori a nan, sai dai akwai bambanci. 'Yan bori iskoki suke cewa suna hawa kansu. Masu kiran ruhohi kuwa cewa suke za su haɗa ka da mahaifiyarka ko ɗanka da ka binne da hannunka, kuma nan ne ƙarfin abin yake. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya ci sojoji sama da 600,000, da yawansu an binne su nesa da gida ba tare da iyalansu sun ga gawa ba. Hausawa sun ce wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Kayan aikin masu kiran ruhohi suka yawaita. Akwai ƙahon da ake cewa yana shawagi a ɗaki mai duhu, murya na fitowa ta cikinsa. Akwai allunan makaranta biyu da ake ɗaurewa, a kwance a ga rubutu. William Mumler na Boston kuwa hoto yake ɗaukar mutum, a ga wani dishi-dishi tsaye a bayansa. A lokacin a kan gilashi ake ɗaukar hoto, kuma idan aka ɗauki biyu a kan gilashi ɗaya, na farko yakan bar inuwarsa. An gane wasu daga cikin "ruhohin" nasa mutane ne masu rai. An gurfanar da shi a Niyok a 1869, aka sallame shi don rashin cikakkiyar hujja, kuma bayan haka matar marigayi shugaban Amurka Lincoln ta je ya ɗauke ta, hoton ya fito da siffar mijinta dafe da kafaɗunta.

A watan Oktoba 1888 Maggie Fox ta hau dandamali a Niyok, ta cire takalmi, ta yi ta ƙas-ƙas da yatsan ƙafarta har ana ji ko'ina a zauren. Ta ce tun suna yara da tuffa ɗaure a zare suka fara, suna buga ta a ƙasa don su tsorata mahaifiyarsu. Bayan shekara ɗaya ta janye maganar, a lokacin da talauci ya yi mata katutu. Kate ta rasu a 1892, Maggie kuma a 1893, dukansu ba su bar komai ba. Harkar da suka assasa kuwa ko gezau.

Allon da aka yi wa rajista

Ouija hajar kamfani ce tun ranar farko. Wasu 'yan kasuwa a Baltimore, cikinsu har da Charles Kennard da lauya Elijah Bond, suka fara ƙera allon a 1890, aka ba su takardar mallakar fasaha a Fabrairun 1891. A jikinsa akwai haruffa, da lambobi daga 0 zuwa 9, da "i" da "a'a" da kalmar ban kwana. Mutum biyu ko fiye suna ɗora yatsu a kan wani ɗan katako mai siffar zuciya, shi kuma yana zamewa daga harafi zuwa harafi. Kasuwarsa ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya da annobar mura ta 1918, wato lokacin da makoki ya sake shiga kusan kowane gida. Kamfanin kayan wasa na Parker Brothers ya saye shi a 1966, yau kuma yana hannun Hasbro.

Shekaru da dama wasan falo aka ɗauke shi, saurayi da budurwa suna yi don nishaɗi. Fim ɗin The Exorcist na 1973, wanda ya nuna yarinyar da shaiɗan ya shiga jikinta bayan ta yi wasa da allon, ya taimaka ƙwarai wajen juya tunanin jama'a. Camfe-camfe suka yi yawa: kada ka yi shi kai kaɗai, kada ka yi a maƙabarta, kada ka tashi ba ka yi ban kwana ba, kada ka ƙona shi.

To me ke motsa katakon? An amsa wannan tun kafin a ƙera allon. A 1852 masanin jikin ɗan Adam William Carpenter ya bayyana yadda abin da mutum ke tsammani kan sa tsokarsa ta yi ɗan motsi ba da saninsa ba. A 1853, lokacin da ake yayin teburin da ke juyawa da kansa, masanin kimiyya Michael Faraday ya jera kwalaye a ƙarƙashin hannayen masu zama, ya ga na sama ne ke fara gocewa kafin teburin ya motsa, wato hannu ke tura tebur. Da ya kafa wani ɗan tsinke da ke nuna musu duk lokacin da suka tura, sai teburin ya daina tafiya. Mutanen ba ƙarya suke yi ba, ba su san su ke turawa ba. Haka ma allon: a ɗaure wa masu yi idanu, a juya shi a ɓoye, sai katakon ya nufi inda suke zaton haruffan suke, abin da zai fito kuwa shirme ne.

Shahararren mai siddabaru Harry Houdini, wanda mutuwar mahaifiyarsa a 1913 ta girgiza shi, ya san dabarun rufa ido ciki da bai. A 1922 matar marubuci Arthur Conan Doyle ta rubuta masa doguwar wasiƙa da sunan daga mahaifiyar take. Wasiƙar da Turancin Ingilishi ta zo, da alamar gicciye a samanta, alhali tsohuwar matar malamin Yahudawa ce, kuma ba ta iya Ingilishi sosai ba. Ragowar shekarunsa ya ƙarar da su yana tona asirin masu wannan sana'a.

Abin lura

Tsofaffin kayan nan suna da amfani ga mai nazarin tarihi, domin suna nuna yadda wata al'umma ta yi fama da mutuwa. Amma tarihinsu ya nuna cewa duk lokacin da mutuwa ta yi yawa, masu sayar da muryar mamaci sukan yawaita, kuma a yau sun koma talabijin da intanet da manhajojin waya. Musulunci ya hana zuwa wurin masu da'awar sanin gaibu, Kiristanci ma ya hana neman magana da matattu, binciken masana kuma ya nuna daga inda saƙon yake fitowa.

Wanda aka yi wa rashi ya fi kowa saurin faɗawa hannun macuta, don haka bai kamata dangi su watse da zarar an share makoki ba. Mamaci yana da haƙƙoƙi sanannu a kan na baya: a yi masa addu'a, a biya bashinsa, a raba gadonsa bisa adalci, a riƙe marayunsa. Duk wanda ya zo da tayin wata hanya ta daban, ya ce a biya shi ya kawo saƙo daga kabari, aljihun mai makoki yake nufi, kuma haƙƙin 'yan uwa ne su tsaya tsakaninsu.