Aikin gida na ɗaliban firamare

Aikin gida na ɗaliban firamare shi ne aikin da malami ke bai wa yaro ya yi bayan an tashi daga makaranta, ya kawo washegari ko bayan 'yan kwanaki a duba. Yakan ƙunshi karatu, lissafi, rubutun hannu ko hadda. Kalmar tana da harshen damo a Hausa, domin shara da wanke-wanke ma aikin gida ne. Shi ya sa wasu malamai suka fi amfani da kalmar "jinga", wadda asalinta ke nufin aikin da aka yanke ladansa tun kafin a fara.

Yawan aikin

Ƙa'idar da ta fi shahara ita ce ta minti goma, wadda ta yaɗu daga Amurka: minti 10 a rana ga ɗan aji ɗaya, minti 20 ga ɗan aji biyu, haka har zuwa awa ɗaya a aji shida. A shekarar 2006 Harris Cooper na Jami'ar Duke da abokan aikinsa sun yi bitar bincike da dama, suka gano cewa alaƙar yawan aikin gida da sakamakon jarrabawa tana da ƙarfi a sakandare, amma a firamare ba ta taka kara ta karya ba. Wannan bai nuna cewa aikin banza ne ba. Abin da ya nuna shi ne tula wa ƙaramin yaro aiki ba ya ƙara masa ilimi.

Dokoki

Jihar Kaliforniya ta hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 15 aikin gida a 1901, daga baya aka soke dokar. Faransa ta hana rubutaccen aikin gida a firamare tun 1956, ko da yake malamai da yawa ba su daina ba. A 2021 ƙasar Sin ta hana shi a aji ɗaya da biyu, ta kuma ƙayyade awa ɗaya ga aji uku zuwa shida.

Tsarawa da dubawa

Aikin da ya fi amfani shi ne gajere, wanda ke maimaita abin da aka riga aka koyar, kuma yaro zai iya yi shi kaɗai. Idan aka ba shi sabon darasi, a ƙarshe yayansa ko mahaifiyarsa ne ke yi, malami kuma ya ba da maki ga wanda bai taɓa zama ajinsa ba. Dubawa ma na da muhimmanci, domin da zarar yara sun lura ba a buɗe littafin sai su daina yi. Mayar da aikin horo kuwa yana sa yaro ya tsani karatun. Aikin iyaye shi ne samar da lokaci da wurin zama da haske, da sauraren yaro yana karatu da babbar murya.

A ƙasar Hausa

Yara da yawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna zuwa boko da safe, Islamiyya ko makarantar allo da yamma, kuma can ma ana ba su hadda. Ga aike, ga ɗiban ruwa, wasu ga talla. Lokacin da ya rage sai bayan magariba, sau da yawa da tocila ko fitilar waya idan babu wuta. Ƙa'idar minti goma ba ta yi lissafin wannan ba. Akwai kuma batun harshe: aikin yakan zo da Turanci ko Faransanci, alhali a gidaje da dama iyayen sun fi ƙwarewa a Hausa ko karatun ajami. Masu hali kan ɗauki malamin lasin, yaron da ba shi da mai taya shi kuma yakan kwafi na abokinsa da safe kafin a kaɗa ƙararrawa.