SABON GARI MAI TSOHUWAR FUSKA

Duk baƙon da ya sauka tsakiyar garin Carmel, arewa da birnin Indianapolis cikin Jihar Indiyana ta ƙasar Amurka, lalle zai yi tsammani wani tsohon garin Turai ya shigo. Ga benaye na jan bulo sun jeru, kantuna a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Ga dandali shimfiɗe da ciyawa, a bakinsa kuwa wani ƙasaitaccen gini na farin dutse mai ƙubba da ginshiƙai. Amma in ya tambayi 'yan gari sai su gaya masa a shekarar 2011 aka buɗe ginin nan, benayen kuma duk sa'o'insa ne. To, me ya sa mutanen da aka sani da son sabon abu suka koma gina sabo da kamannin tsoho? Abin da mu ke so mu duba ke nan, domin amsar ta shafi duk wanda aikinsa ya haɗa shi da tsarin gari.

ASALIN AL'AMARIN

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, sojoji suka komo gida suna neman muhalli. Sai 'yan kasuwa suka dinga sayen gonakin bayan gari suna cika su da gidaje iri ɗaya. A Levittown kaɗai, kusa da birnin Niyu Yok, an gina gida fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951. A 1956 kuma gwamnati ta kafa dokar shimfiɗa manyan hanyoyin mota na mil 41,000, har ya zama mutum ya iya kwana nesa da birni, ya shigo aiki da safe.

Har wa yau akwai wata doka da ta taimaka. Tun 1926 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yarda hukumar gari tana da ikon rarraba ƙasa, ta ce nan gidaje kaɗai, can kantuna kaɗai, can kuma ma'aikatu. Nufin shi ne a raba mutane da hayaƙin masana'antu, amma abin da ya biyo baya sai aka sami unguwannin da ba a iya sayen ko gishiri cikinsu sai an tuƙa mota. Maimakon kasuwa aka gina manyan rumfunan kantuna a rufe, kewaye da filin ajiye motoci. Wanda ya zana ta Southdale a 1956, watau Victor Gruen mutumin Viyana, ya so ta zama mahaɗar jama'a kamar dandalin garinsu; da ya ga abin da irin rumfunan nan suka zama, sai ya barranta da su kafin rasuwarsa.

Ta haka aka wayi gari da garuruwa masu dubban mutane amma ba su da cibiya. Yaro ba ya iya zuwa ko'ina sai an kai shi, tsohon da ya daina tuƙi kuwa ya zama ɗaurarre cikin gidansa.

KOMAWA GA TSOHUWAR ZUMA

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani. Wadansu masu zanen gini biyu, miji da mata, Andrés Duany da Elizabeth Plater-Zyberk, suka zaga tsofaffin garuruwan kudancin Amurka suna awon faɗin titi da tsawon gini da zurfin baranda. Da awon nan aka fara gina Seaside a Jihar Fulorida a 1981, kuma a 1993 masu wannan ra'ayi suka kafa ƙungiya. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: mutum ya iya isa kanti da dandali cikin tafiyar minti biyar a ƙasa.

Carmel na cikin garuruwan da suka rungumi shawarar da gaske. A ƙidayar 1990 mutanenta ba su wuce 25,000 da 'yan kai ba, a ta 2020 kuwa sun kusa 100,000. James Brainard, wanda ya riƙe Magajin Gari daga 1996 zuwa ƙarshen 2023, ya ƙudura sai garin ya sami tsakiya. Hukuma ta sayi fili, ta haɗa hannu da 'yan kasuwa, aka tura motoci ƙarƙashin ƙasa domin titi ya zama na masu tafiya. An mai da tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta Monon hanyar keke da ta ratsa gari. Babban ɗakin kiɗan nan mai ƙubba, wanda a ke kira Palladium, David Schwarz ne ya zana shi, yana koyi da wani gida da Andrea Palladio ya zana kusa da Vicenza a Italiya cikin ƙarni na 16.

Masu goyon bayan tsohon fasali suna da hujja, kuma mu a ganinmu hujja ce mai ƙarfi. Tsohon gini an yi shi ne domin idon mai tafiya a ƙasa. Ƙofarsa tana kallon titi, tagoginsa a jere daidai tsayin mutum, bayan taku kaɗan sai ka ga wata ƙofa dabam, saboda haka tafiya ba ta gundura. Rumfar kantuna kuwa an yi ta ne domin mai wucewa a guje cikin mota, shi ya sa bangonta dogo ne ba taga. Bayan wannan, bene mai kanti a ƙasa da gidaje a sama yana biyan haraji mai yawa a kan ƙaramin fili, ga shi kuwa titi da bututun ruwan da ya ke bukata gajeru ne. Wannan lissafi ne da kowane ma'aji zai gane.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Duk da haka masu suka ba su rasa ta cewa ba. Na farko, da yawa daga irin ginin nan a Amurka fuskar ce kawai ta tsufa. Ciki ƙarfe ne da katako, aka lulluɓe da bulo layi ɗaya, wani ginshiƙin ma in ka ƙwanƙwasa shi sai ka ji holoƙo ne, ba ya ɗauke da kome. Tsohon gari hannu ɗari ne suka gina shi cikin shekara ɗari, kowa daidai ƙarfinsa. Wannan kuwa kamfani ɗaya ne ya zana cikin 'yan watanni.

Na biyu, tsada. Carmel ta ci bashi mai nauyi kafin ta kai ga haka, kuma 'yan garin sun daɗe suna gardama a kansa. Wurin da ya yi kyau kuɗin hayarsa ya kan hau, har ya zama mai sharar dandali da mai dafa abinci ba su iya kwana a garin da su ke wa hidima. Seaside kanta ta zama wurin hutun masu hali.

Na uku shi ne wanda ya fi damunmu, watau wa ke da dandalin? A wurare da yawa titi da dandali da kujerun zama duk mallakar kamfani ne. A 1972 Kotun Ƙoli ta yanke cewa mai rumfar kantuna a Portland yana da ikon hana masu ƙin yaƙin Biyetnam raba takardu cikin wurinsa, ko da ya ke wadansu jihohi, kamar Kalifoniya, sun fi sassauci. Ashe mutum zai iya tsayawa wurin da ya yi kama da ƙofar hukuma, alhali kuwa baƙon wani attajiri ne, a ce masa fita ya fita. A nan Carmel ta yi abin yabo, domin dandalinta na hukumar gari ne. Manoma suna cin kasuwa a kansa ran Asabar lokacin zafi, tun 2017 kuma a ke kafa kasuwar Kirsimeti a wurin lokacin sanyi.

ABIN AUNAWA

Saboda haka in an kawo mana zanen sabuwar tsakiyar gari, kada ƙubba da ginshiƙi su ɗauke mana hankali. Mu tambaya: yaro zai iya zuwa makaranta da ƙafarsa? Ƙaramin ma'aikaci zai sami ɗakin haya daidai albashinsa? Mai ƙaramin jari zai sami rumfa? Talaka zai iya zama a dandali ba tare da ya sayi kome ba? In amsa ta zama i, to gari ya kafu, kuma shekaru za su ba shi tsufan da magini ba ya iya sayarwa. In kuwa a'a ce, kasuwar attajiri ce aka naɗa wa rawani.