Imel ɗin da kake jira yana can a akwatin tarkace

A filin wayar hannu na wannan mako mun taɓo wata matsala da ke haɗa mutane rigima ba gaira ba dalili. Ejan mai fitar maka da kaya ya rantse ya turo takarda ta imel tun shekaranjiya. Kai kuma ka buɗe waya, ka duba sama da ƙasa, ba ka ga komai ba. Mota na tsaye a hannun kwastan, ko duwan kamar yadda ake cewa a Nijar, direba sai kira yake yi, kuɗin kwana na ta hawa. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinku. Saƙon ya iso, sai dai an karkatar da shi zuwa wani lungu na akwatinka da ba ka saba leƙawa ba.

Wani makiyayi zai ce shi ina ruwansa, ai ba shi da imel. To, in dai wayarka Android ce, kuma ka taɓa sauko da WhatsApp daga Play Store, kusan tabbas kana da adireshin Gmail, ko da yaron shago ne ya buɗe maka ranar da ka saye ta. Can ne banki ke turo bayanin shiga da fitar kuɗi, can tikitin jirgi da bizar Umara ke sauka, can Facebook ke aiko da lamba in ka manta kalmar sirri. In yaronka ya yi amfani da adireshin wajen rajistar jarrabawa ko neman makaranta, amsar ma nan za ta biyo.

Lungun da muke magana a kai sunansa Spam a Gmail da Yahoo. A Outlook da tsohon Hotmail ana kiransa Junk Email, in kuma wayar da Faransanci take, Courrier indésirable. Mu a nan za mu ce masa akwatin tarkace. Kada a haɗa shi da kwandon shara, wanda shi kai ne ke jefa abu a ciki da hannunka. Akwatin tarkace na'ura ce ke cika shi ba tare da ta tambaye ka ba. Kuma tana da hujjarta. Kamfanin Google ya faɗa a 2023 cewa a kullum yana tare saƙonnin banza kusan biliyan 15: tallace-tallace, saƙonnin 'yan damfara, da masu ɗauke da cutar kwamfuta. Da babu wannan shinge, da akwatin kowa ya zama juji. Amma mai tsaron da ke tare da taro irin wannan dole wata rana ya tsare mutumin kirki.

Me na'urar ke dubawa? Abu na farko shi ne shaida. Kowane makiyayi ya san garkensa da alama, ko lalas a cinya ko tsaga a kunne, har in an tarar da saniya a wata kasuwa a iya cewa ta gidan wane ce. Imel ma haka yake. Kamfanin da ya tsara aikinsa yana buga wa saƙonninsa wani hatimi da ido ba ya gani, yana kuma shelanta wa duniya waɗanne kwamfutoci ne kaɗai ke da izinin aika wasiƙa da sunansa. Masana suna kiran waɗannan tsare-tsare SPF da DKIM da DMARC. Ba sai ka haddace su ba. Abin da ya shafe ka shi ne, ƙananan ofisoshi da yawa, irin na masu fiton kaya da ƙungiyoyi da kamfanonin sufuri, suna buɗe adireshi da sunan kamfaninsu amma ba su kammala wannan aikin hatimi ba. Saƙonsu na gaskiya ne, amma ya zo kamar saniya marar alama, sai a ware shi gefe. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka ƙara matsa lamba a kan wannan, musamman ga masu aika saƙo da yawa. A Gmail, wanda ke tura saƙo 5,000 a rana dole ya cika sharuɗɗan duka. In ka ga alamar tambaya a gurbin hoton wanda ya aiko maka, ma'anarta Gmail ya kasa tabbatar da shaidarsa.

Sai kuma kamannin saƙon kansa. Wasiƙar da ba ta da take, babu gaisuwa babu bayani, sai takarda guda da aka maƙala, ga shi daga adireshin da bai taɓa rubuto maka ba, ta yi kama da ta ɓarawo sak. Abin takaici, haka yawancin 'yan kasuwarmu ke aika takardu, don suna sauri. Sannan na'urar tana lura da abin da sauran jama'a suka yi. In mutane da yawa suka kai ƙarar wani adireshi, sai ya yi baƙin jini a wurinta, har saƙon da ya aiko maka ya shafu.

A nan akwai wani laifi da yake namu. Mutum ya gaji da saƙonnin banki, yana son share su, sai ya danna Report spam yana zaton sharewa ce. Alhali ya gaya wa na'ura ke nan cewa bankinsa mai damun mutane ne, ita kuma ba ta mantuwa da wuri. Haka in yara suna wasa da waya suka danna Block a kan wani suna: daga ranar duk abin da mutumin ya aiko, kai tsaye akwatin tarkace zai wuce. Wayar da ke yawo hannu-hannu a ruga ko a shago ta fi faɗawa wannan.

To, yaya za a yi? Fara da gano wurin. A manhajar Gmail, taɓa layuka uku da ke sama ta hagu, ka gangara ƙasa har ka ga Spam. Ka sani cewa in ka rubuta sunan mutum a wurin bincike, Gmail ba ya leƙa wannan akwati, shi ya sa mutum zai bincika ya ce wallahi babu. Sai ka rubuta in:anywhere kafin sunan, sannan zai duba ko'ina. In ka tarar da saƙon, buɗe shi. A samansa Gmail yakan rubuta dalilin da ya sa ya ware shi, a ƙasan bayanin kuma akwai maɓallin Report not spam. A wayar Faransanci nemi inda aka rubuta non-spam. Kana dannawa saƙon zai koma babban akwati, na'urar kuma ta ɗauki darasi. Wani lokaci sai an maimaita sau biyu ko uku kafin ta saki mutum gaba ɗaya.

Bayan haka sai ka adana adireshin a cikin sunayen mutanenka. Ga inda ake yawan kuskure: mu mun saba ajiye lamba a kan layi, saboda muna canza waya, wasu ma layi biyu gare su, na Najeriya da na Nijar. Ajiyar kan layi ba ta isa wurin Gmail. Lokacin adanawa, zaɓi asusun Google ɗinka, ka sa adireshin imel ɗin a gurbinsa tare da lambar waya. Ka kuma mayar masa da amsa ko da ta kalma biyu ce, "na gani". Adireshin da kuke musayar wasiƙa da shi ya fi samun sauƙin wucewa.

Waɗannan matakai suna rage matsalar ƙwarai, amma ba alkawari ba ne. Mai son ƙulli mai ƙarfi sai ya kafa doka, abin da Gmail ke kira filter. Ba a yin sa a manhajar waya. Sai a kwamfuta, ko a buɗe Gmail ta Chrome a nemi shafin kwamfuta, wanda a ƙaramar waya aiki ne mai cin rai. Gara ka shiga shagon intanet ranar da ka je gari. A shiga Settings, a nemi Filters and Blocked Addresses, a zaɓi ƙirƙirar sabo, a rubuta adireshin mutumin a layin From, sannan a sa alama a kan Never send it to Spam. A wannan shafin ne kuma za ka ga jerin waɗanda aka toshe, ka saki wanda aka toshe bisa kuskure. Kai za ka rubuta kalmar sirrinka da hannunka, kuma kada ka tashi daga kujerar sai ka fita daga asusun. Masu Outlook nasu ya fi sauƙi: a cikin saitin Junk email akwai jerin Safe senders, wato amintattu, sai a ƙara adireshin a ciki.

Yanzu ga wurin da muka fi daɗewa a kai a cikin shirin, don nan kuɗi ke salwanta. Dokar nan da ka kafa ƙofa ce ka buɗe, ka ce wa mai gadi kada ya tsayar da wane. Saboda haka dole ka tabbata wa ka buɗe wa. Sunan da ke fitowa da manyan baƙaƙe a saman saƙo ba shaida ba ne, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a wurin, har sunan bankinka ko na hukumar kwastan. Taɓa sunan ko ɗan kibiyar da ke kusa da shi, ainihin adireshin zai bayyana. Shi za ka karanta, baƙi bayan baƙi, musamman abin da ya biyo bayan alamar @. 'Yan damfara suna sa sifiri a madadin o, ko lamba 1 a madadin l, ko su jera r da n su yi kama da m. A ƙaramin gilashin waya, cikin rana, ga hayaniyar kasuwa, ido ba ya kamawa. In karatun boko bai zauna maka ba, sa mutumin ya turo maka adireshinsa ta WhatsApp daga lambar da ka sani, ka ba wanda ka yarda da shi ya gwada su biyun.

Ana iya buɗe wa kamfani guda ƙofa gaba ɗaya, ta hanyar rubuta abin da ke bayan @ kawai. Wannan yana da amfani ga banki ko kamfanin jirgin ruwa da ke rubuto maka daga ofisoshi daban-daban. Amma kada ka kuskura ka yi haka da gmail.com ko yahoo.com don ejan ɗinka da su yake amfani. Ka yi haka, ka buɗe wa duk mai irin wannan adireshi a duniya, har da 'yan 419. A ganinmu ma jerin amintattun bai kamata ya yi tsawo ba: banki, ejan, mai sayar maka da kaya a Dubai ko Guwanzu ko Lome, sakataren ƙungiya, makarantar yara. Sauran a bar wa na'ura ta yi aikinta.

Ko amintaccen ma ana iya sace asusunsa. Wannan salon damfara sananne ne a harkar shigo da kaya: ɓarayi su shiga akwatin mai sayarwa, su zauna shiru suna karanta cinikinku, sai ranar biya ta matso su aiko da takardar kuɗi mai kama da ta kullum, amma da sabuwar lambar asusu, da bayanin wai tsohon asusun yana da matsala. Saƙon daga adireshin gaskiya ya fito, don haka da wuya shinge ya tare shi, balle kai da ka riga ka buɗe masa ƙofa. Duk imel ɗin da ya ce an canza asusun biya, ɗauki waya ka kira mutumin a lambar da ka daɗe da sani. Kada ka kira lambar da ke cikin saƙon. Haka kuma in ka leƙa akwatin tarkace ka ga jan gargaɗi a kan saƙo mai sunan wanda ka sani, kada ka yi gaggawar fito da shi, kira tukuna. Banki ba ya neman lambar sirrin katinka ta imel, ko a wane akwati saƙon ya sauka.

In kai ne mai aikawa, taimaki kanka. Sa take mai ma'ana, kamar lambar mota ko sunan kaya, ka rubuta layi biyu na bayani kafin ka maƙala takarda. Sakatarorin ƙungiyoyin makiyaya da na 'yan kasuwa su lura: sabon adireshi da ya tashi rana ɗaya ya watsa sanarwar allurar dabbobi ga mutum ɗari biyu, na'ura za ta yi masa kallon mai talla. A gaya wa mambobi tun a wurin taro su adana adireshin ƙungiya.

Akwai kuma lokacin da saƙo ba ya babban akwati, ba ya na tarkace. Duba sashen Promotions, inda Gmail ke tara tallace-tallace, don takardun kamfanoni kan faɗa can. In nan ma babu, wataƙila rumbunka ne ya cika. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma hotuna da bidiyon da waya ke kwafewa can suna cin wannan wuri tare da imel. In ya cika, sabon saƙo ba zai shigo ba sam, komawa zai yi wurin mai shi. Masu ɗaukar bidiyon shanu da na kaya don nuna wa masu saye su suka fi cika shi da wuri.

Magana ta ƙarshe ta fi shafar masu tafiya kiwo. Gmail yana share duk abin da ya kwana 30 a akwatin tarkace, kuma ba ya biya ta kwandon shara, in ya tafi ya tafi ke nan. Wanda ya yi arewa da garke da damina, ya yi wata biyu inda babu sabis, ko rezo in ji mutanen Nijar, zai dawo ya tarar babu ko alamar saƙon, alhali da a babban akwati ya sauka da yana nan yana jiransa. Don haka a yi aikin adana adireshi da kafa doka tun kafin a tashi. Wanda kuma ke kusa da gari ya ɗaura abin da ranar kasuwa: in Maigatari kake ci, kowace Alhamis bayan an karɓo waya daga wurin caji, a leƙa akwatin tarkace kafin a kama hanyar gida.