Likitan TikTok: In Maganin Ya Cutar da Kai, Wa Za Ka Kama?

Ka rubuta a guruf cewa mara na maka ciwo, kafin minti biyar an turo maka sunan ƙwaya uku. Ka je kemis, ka saya, ka haɗiye.

Likitan gaske sunansa da sa hannunsa na kan takardar magani. In ya yi sakaci, hukumar MDCN na iya ƙwace lasisinsa. Mai kemis kuwa, doka ba ta ba shi izinin sayar da irin su tiramadol ba. Mai bidiyo fa? Ya goge, ya canza suna, shi ke nan.

Sai da kodin ya lalata matasa da dama kafin gwamnatin Najeriya ta hana shi a 2018. Don haka kafin ka sha, tambaya: wa ya rubuta?